Aron Kunne

Yanzu idan aka kawo mota garejinmu, ba a ma fara buɗe bonet. Babban ɗana, wanda ke riƙe da wurin tun da gwiwoyina suka fara ƙin tsuguno, sai ya ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya jona ta, sannan ya miƙe yana latsa waya kamar mai duba saƙon budurwa. Jim kaɗan sai ya ɗago ya gaya wa mai mota abin da ke damunta. Ni kuwa ina kan benci ina gyaɗa kai, wai ni ma na gane. Ba na ƙin abin, kada a ce tsoho ya fara kishi da waya. Sau da yawa na'urar gaskiya take faɗa. Ba ta jin haushin kowa, ba ta kuma neman a yabe ta. Wannan na ƙarshen ne yake sa jikina ya yi sanyi, domin ni a zamanina na nemi a yabe ni, na kuwa samu, kuma har yau kunyar yadda na samu ba ta sake ni ba.

A lokacin garejin ba shi da rufin kwano, ba shi da suna a allo. Inuwar darbejiya biyu ce a bakin hanyar da ke shiga kasuwar Tsanyawa, da benci ɗaya, da akwatin ƙarfe na kayan aiki. Gonaki sun zo har gindin bishiyar, ta yadda da damina sai ka ture ganyen gero kafin ka buɗe ƙofar mota. Yanzu shaguna sun cinye wurin, babura da 'yan kurkura suna ta ihu daga safe har magariba. A da kuwa abin da kunne ke ji kaɗan ne: kukan jakai masu kai taki gona, luguden mata daga gidajen da ke bayanmu, sai kuma mota jefi-jefi. Motocin da ke bin hanyar mun san su duka. Tun ba ta ɓullo daga kwana ba za mu ce ga wane nan tafe, kuma har yanzu bai gyara salansarsa ba. Aikina na farko a wurin wankin fulogi ne da fetur a gwangwanin madara. Daga nan na kai ga hura kafireta da baki, har na saba da ɗanɗanon fetur kamar yadda wasu suka saba da goro. Gasket, abin da ake sawa tsakanin ƙarafa don kada mai ya tsiyaye, da kwali muke yanka shi. Tankin mai in ya tsage, a murje sabulu a liƙe, mai mota ya kai gida lafiya. Ba cewa nake yi zamanin ya fi na yanzu ba, wahala ce zalla, amma mutum yana sanin mota da hannunsa da hancinsa da kunnensa.

Mai garejin abokin mahaifina ne, kuma kowa Baffa yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Da mahaifina ya rasu shi ya zo ya kama hannuna ya ce wa Inna, "Ki bar mini shi, ba zai kwana da yunwa ba." Bai kuwa saɓa ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya son surutu, kuma a manyan motocin dakon gyaɗa ya koyi aikinsa. Duk dukiyarsa a sana'ar nan wani dogon sukundireba ne mai ƙotar itace, wadda baƙin mai da gumin gefen kansa suka mayar da ita baƙa wuluk tana sheƙi. In an kawo mota sai ya ce a tayar, a bar ta ta ɗumama. Sannan ya ɗora tsinin sukundireban a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya matsa nan, ya matsa can. Mai mota in ya fara bayani sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bari ta gama nata tukuna, sai ka yi naka."

Da ya gama sai ya miƙo mini ya ce, "Zo ka koya. Me ka ji?" Shekaru na yi ina shan ranƙwashi a kan wannan tambayar. Da ranƙwashi na gane cewa 'yar ƙara siririya mai sauri, ƙyas-ƙyas-ƙyas a saman inji, tafet ce, ba ta kashe mota, sifana da ɗan haƙuri ne maganinta. Da ranƙwashi na gane hucin iska inda roba ta tsage, da tarin injin da fulogi ɗaya ya mutu masa. Akwai kuma ƙarar da Baffa bai taɓa yin wasa da ita ba: bugu mai nauyi can ƙasa, dum-dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta, wanda ke ƙaruwa in an taka totur. Wannan metal ne, wato 'yan ƙarafan da ke tallafe da sandar cikin inji sun cinye. Ya ce mini, "In ka ji wannan, kada ka tsaya sallama da kowa. Kashe ta." In na faɗi daidai ba ya yabo. Abin da yake cewa kawai shi ne, "To, ka fara kamawa." Inji na ruri a lokacin, don haka ba mai jin amsata sai shi, mutane dai su ga bakina ya motsa, sannan Baffa ya juya ya yanke hukunci.

Ban san ranar da abin ya juya ba. Na girma, gemu ya fito, har na fara zuwa zance, amma ana nan ana kirana yaron Baffa. Sai na lura in an yi masa sallama ta baya ba ya amsawa. In an kira salla, sai ya ga mutane sun miƙe sannan ya nemi buta. Tambayar tana nan yadda take, "Zo ka koya. Me ka ji?" amma ranƙwashi ya ƙare, kuma idonsa ya daina kallon inji, ya koma kallon leɓena. In na faɗa sai ya ce na fara kamawa, ya juya ya maimaita wa mai mota abin da na ce. Kunnen Baffa ya tafi, nawa yake ara. Shi ya sani, ni na sani, kuma ba wanda ya taɓa furta wa ɗan'uwansa. Damina biyu muka yi a haka. Shi yana da sanin da ni ban kai ba, domin ko na ji ƙara shi ya san inda za a kwance da abin da za a tarar. Ni kuma ina da kunne. Da na yi hankali da na gane cewa ba a taɓa yi mini wata karramawa da ta kai wannan ba.

Amma ban yi hankali ba. Abin da nake ji kawai shi ne direbobi a kan benci suna cewa, "Kunnen Baffa ba irin na mutane ba ne, ko sauro ya shiga inji sai ya gaya maka mace ce ko namiji." A yi dariya, Baffa ya ga haƙora ya yi murmushi, ni kuwa in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Na taɓa kai ƙara wurin Inna, ban dai faɗa mata sirrin ba, na ce aikina ake yaba wa wani. Tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Wanda ya ciyar da kai shekara goma ne wani? Tashi ka ba ni wuri." Na tashi, amma zuciyar ba ta sauka ba.

Wata ranar kasuwa da rani, rana ta fara zafi, sai ga wani manomi daga ƙauyen da ke gabas da mu ya shigo da tsohuwar akori-kura, an yi mata lodin kwandunan tumatir har sama. Mun san shi. Shanun huɗarsa guda biyu ya sayar ya sayi motar, don ya riƙa kai kayan lambunsa da na maƙwabtansa Kano. Mutum ne mai barkwanci, ba shi da mugunta ko kaɗan. Ya ce tun da ya fito yake jin wata ƙara da bai saba ji ba. Ina tsaye a gaban motar, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai yaron Baffa, matsa ka ba masu kunne wuri, je ka wanke fulogi." Direbobi suka fashe da dariya. Iyakar abin da ya yi mini ke nan. Na sha juya maganar a raina tsawon shekaru ina neman wani zagi a cikinta da zai rage mini laifi, ban samu ba.

Aka tayar da mota. Baffa ya ɗora sukundireba ya rufe ido, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Sannan ya miƙo mini.

"Zo ka koya. Me ka ji?"

Wallahi tun kafin ƙotar ta taɓa kunnena na ji shi. Dum-dum, can ƙasa, bai yi ƙarfi ba tukuna amma ba ya ɓoyuwa. Tafet ɗin ma suna 'yar ƙararsu a sama, kamar na kowace tsohuwar mota. Na ɗago, na ga idon Baffa a kan bakina.

Na ce, "Tafet ne."

Bai ce na fara kamawa ba. Ya ɗora tafin hannunsa a gefen injin, kamar hannun yana gaya masa wani abu dabam. Ya sake dubana.

"Sake ji dai."

Na sake ɗorawa, na rufe ido yadda yake yi, na ƙirga numfashi uku don a ga na yi ƙoƙari.

"Tafet ne, Baffa. A sama take."

Ya ce, "To." Aka kashe, ya ɗaure tafet da hannunsa, ya duba baƙin mai ya ƙara kaɗan. Manomin ya matso kusa ya ce, "Baffa, zan kai Kano kuwa? Kayan mutane ne a kai." Baffa ya ce, "Za ka kai in sha Allahu. Kada dai ka matsa mata." Motar na fita na koma kusa da wani direba a ƙarshen benci, na yi ƙasa da murya na ce, "Ni dai ban yarda da tafet ɗin nan ba. Kamar metal nake ji. Amma wa zai saurari yaro?"

Lissafina shi ne ƙarar za ta ƙaru kafin ya yi nisa, ya tsorata ya juyo, a sake dubawa, a gane wanda ke da kunne a garejin. Ban sa nauyin lodi a lissafin ba, ban sa zafin rana ba, ban kuma sa cewa mutumin da Baffa ya ce wa za ka kai ba zai tsaya don ya ji ƙara ba. Bai kai Bichi ba injin ya buga. Ƙarfe ya fasa gefensa ya leƙo waje, mai ya tsiyaye a kan kwalta. Sai washegari da azahar wata babbar mota ta jawo shi da igiya. Tumatirin ya kwana ya yini a rana, ruwansa na ɗiga ta ƙasan kwanduna, ƙudaje na bin motar. Har yau in na bi ta layin masu kayan miya da yamma na ji wannan tsamin, sai na sauya hanya.

Manomin bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya sauko ya tsaya gaban Baffa, idanunsa jawur, ya ce, "Baffa, ka ce zan kai. Shanuna ne a cikin injin nan." Sai direban nan na ƙarshen benci ya miƙe ya ce, "Ai kuwa yaron nan ya faɗa jiya! Ya ce metal ne!" Duk aka juyo ana kallona. Baffa bai ji ba, amma ya ga inda idanu suka koma. Ya ce, "Me ya ce?" Direban ya matsa bakin kunnensa ya maimaita da ƙarfi, har masu tallan gyaɗa a tsallaken titi suka ji.

Baffa ya dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, irin wanda yake yi wa inji in ya riga ya gane abin da ke ciki. Kalma ɗaya ta ishe shi ya gama da ni a garin, kuma gaskiya zai faɗa. Na tsaya ina jiranta. Sai ya juya wurin mutane ya ce, "Daidai ya ji. Ni kunnena ya tafi tun bara waccan, na ɓoye muku. Laifina ne, Malam, ka yafe ni. Daga yau in kuna da ƙara, shi za ku kai wa."

Abin da na nema ke nan, an ba ni shi cif, a gaban kowa, ranar da benci ya cika.

Akwai wani rabin inji da Baffa ya daɗe yana adanawa a ƙarƙashin tamfol a soron gidansa, yana cewa na ranar tsufa ne. Ya sa aka ɗauko shi. Mako uku muka yi muna haɗa wa manomin, ni da shi, kafaɗa da kafaɗa, ba mai cewa komai sai "miƙo sifana sha uku" da "riƙe nan". Motar ta tashi, amma lokacin tumatir ya wuce, maƙwabtansa kuma ba su ƙara ba shi kayansu ba. Da damina ta faɗi na bi ta gefen gonarsa na gan shi da 'ya'yansa suna huɗa da garmar hannu, a gonar da shanu biyu suke gamawa kafin hantsi. Ya ɗago ya yi mini kirari, "Mai kunne! Da kai na saurara!" Na ɗaga masa hannu na ƙara sauri. Shi kuwa Baffa, ranar da injin ya tashi ya rataye sukundireban a ƙusar da ke jikin darbejiya, ya wanke hannu da fetur da ƙasa, ya tafi gida. Bai ƙara zama a garejin ba.

Sau ɗaya na yi yunƙurin gyara abin. Gero ya fara fitar da kai lokacin, aka ce Baffa ba ya jin daɗi. Na same shi a soro kan tabarma, ya rame, yana tufka igiya don kada hannu ya zauna banza. Na durƙusa, na sunkuyar da kai yadda aka koya mana a yi a gaban manya, na fara magana. Na faɗi komai. Na ce na ji metal tun farko, na ce da gangan na yi, na faɗi abin da na raɗa wa direba, na roƙi gafara. Na ji nauyin ya fara sauka daga kafaɗata. Sai na ji hannunsa a haɓata.

"Ɗago kanka, ɗana. Ban ga bakinka ba. Me kake cewa?"

Duk abin da na faɗa, tabarma na gaya wa. Na ɗago, ga idanunsa a kan leɓena, irin kallon nan na gaban inji, yana jira. Sai na nemi ƙarfin halin na rasa.

Na ce, "Cewa na yi yaya jiki, Baffa."

Ya ɗan jima yana kallona. Sannan ya ce, "Jiki alhamdu lillahi." Ya koma kan igiyarsa, can ya ƙara da cewa, "Ka riƙa shafa wa ƙotar sukundireban nan mai, kada ta tsage." Na ce to. Na fita ina gaya wa kaina zan dawo in ya ji sauƙi. Kafin a yanke geron nan muka kai shi makwancinsa.

Na yi suna bayan haka, ba zan ɓoye ba. Daga Tofa har Ungogo ana kawo mini mota don in saurara. Na yi aure, na gina gida, na aurar da 'ya'ya, duk albarkacin wannan sukundireban. Duk wanda ya ce mini mai kunne sai na yi murmushi na sauya magana.

Abin da ya tayar mini da wannan duka, makon jiya ne wasu samari 'yan birni, irin masu sha'awar tsofaffin motoci, suka kawo wata da ta girmi iyayensu. Ɗana ya leƙa ƙarƙashin sitiyari bai sami inda zai jona na'urarsa ba, ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan taku ce." Samarin suka kewaye ni da wayoyi, wai za su ɗauki yadda ake yi a da. Na ɗauko sukundireban, na ɗora, na rufe ido. Ban ji komai ba. Rawar ƙarfe kawai nake ji a ƙashin kaina. Na matsa nan, na matsa can, shiru. Dama na daɗe ina cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Sai na ji bakina, ba da shawarata ba, yana ce wa ɗana, mutum mai shekara arba'in da furfura a gemu, "Zo ka koya. Me ka ji?"

Bai yi dariya ba. Ya karɓa ya saurara. Sannan ya juya wa samarin baya, ya fuskance ni sosai yadda zan ga bakinsa, ya motsa leɓe a hankali: "Metal ne, Baba." Ya miƙo mini sukundireban da hannu biyu, ya ja da baya yana jira in yanke hukunci. Ashe ya daɗe da sani. Ban roƙe shi ba, ban taɓa gaya masa komai ba, ya yi mini a take abin da aka roƙe ni har sau biyu na hana. Na buɗe baki in ce ya fara kamawa, maganar ta ƙi fita. Da ƙyar na ce, "Ku kashe ta."

Bayan la'asar na ɗauki sandata na bi ta bayan gari zuwa maƙabarta. Ban san takamaiman kabarin ba yanzu, ruwan shekaru ya baje su, an kuma binne wasu a tsakani. Na yi sallama, na yi wa mutanen wurin addu'a gaba ɗaya. Sannan na tsaya daidai inda nake zato, na cire hannu daga kan sanda, na ɗago kaina sosai yadda ko daga nesa za a ga bakina.

Na ce, "Metal ne, Baffa. Na ji tun farko."